Gurbin Dariyar Kaka

A ƙarshen jerin tashoshin risibarmu, bayan an wuce na labarai da na ƙwallo da na masu tallan turare, akwai waɗansu da ba su da hoto. Fuskar talabijin sai ta yi baƙi, suna ya fito a ƙasa, murya ta cika falo. Rediyo ne, amma ta dish yake zuwa. Na kai shekara sha shida a gidanmu na unguwar Waziriyya a Jidda ban san da su ba, don ni idan na danna rimot ban ga hoto nan take ba, na wuce. Baba ne ya tono su a makon da Kaka ta iso. Ya samo mata guda ɗaya mai magana da Hausa, ya ajiye ta a lambar ƙarshe don kada ta sha wahalar nema.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Ta zo umra daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau, ta gama ibadarta, ranar komawa ta zo ta wuce tana zaune a kan dardumarta. Ba ta ɓoye dalili ba. Ta ce ta binne miji, ta aurar da na aurarwa, abin da ya rage mata shi ne ramin da za a sa ta, kuma a wannan ƙasa take so a haƙa shi. Ta faɗi haka tana ɓare gyaɗa, kamar mai cewa gobe akwai wanki.

Ni a Jidda aka haife ni. Hausar da nake rubutu da ita yanzu ba da ita na tashi ba, daga baya na harhaɗa ta. A lokacin ina ji sarai, amma in na buɗe baki rabi Larabci ne ke fitowa. Ranar da aka shigo da Kaka na je na sumbaci kanta kamar yadda ake yi a nan. Ta riƙe hannuna, ta juya shi, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wannan tsinken ce jikar tawa? To ga ni na kawo kaina. Sai ki huta da aike a tambayo miki ko an daka gumbata."

Sai ta karkatar da kai gefe, ta zuba min ido, ta yi shiru.

Ban san gumba ba. Tsinke kuwa na san shi. Na ce, "Tayyib," wato to, na zare hannuna na shige ɗaki.

Haka muka zauna. In na kawo mata shayi, sai ta leƙa kofin ta ce, "Wannan shayi ne ko ruwan da kika ɗauraye buta?" In na dawo daga makaranta da sauri, ta ce ina tafiya kamar akuyar da ta hango wuƙa. Kullum kuma bayan ta faɗa sai ta karkatar da kan nan ta kafe ni da ido. Ni abu biyu na iya a duniya: in yi shiru, ko in faɗi gaskiya tsirararta. An koya min cewa mayar wa babba magana aibu ne, don haka na zaɓi shiru. Ina ajiye mata abin da na kawo in juya. A raina na yanke cewa tsohuwar nan ba ta ƙaunata, kuma ban ga dalilin da zai sa in wahalar da kaina ba.

Gidan ma ya koma wani iri. Baba ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. In tana son abu sai ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa mai gidan nan maganin ƙafata ya ƙare," alhali yana zaune kusa da ita yana cin gurasar tamis. Umma kuwa suruka ce, a durƙushe take gaishe ta, a durƙushe take tashi. Yayyena maza suna aiki a wani gari. Falonmu da aka saba hayaniya ya zama kamar ɗakin jira a asibiti.

Sai ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare.

A can gida Najeriya tara da rabi ne, awa biyu ke tsakaninmu. A lokacin ake sa wani shiri na maza biyu, Bakano da Bazazzagi. Ɗaya muryarsa siririya, ɗaya kamar daga cikin randa yake magana. Ba kiɗa, ba tafi, ba kowa sai su. Aikinsu kawai su ci mutuncin juna. Na tuna Bazazzagin yana cewa an ɗauki gawar Bakano za a kai makwanci, sai ya yaye likkafani ya shafa yadin ya ce an cuce su, da sun tambaye shi da ya nuna musu rumfar da ta fi. Bakanon ya rama da cewa Bazazzagi ya faɗa rijiya, mai ceto ya leƙa yana salati, shi kuwa daga can ƙasa ruwa na shiga masa hanci yana gyara wa mutumin karatu.

Kaka kuwa sai ta fashe. Ban taɓa jin dariya irin tata ba. Tana farawa ne da wani ƙaramin kuka kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba, sannan ta ɓarke, ta doki cinya, ta ƙare da tari da "Kai, Allah ya shirye ka, ɗan nema!" Katifarta a falo take, ƙofar ɗakina kuma falon take kallo. Duk abin da ta yi a kunnena yake sauka.

Abin ya ɗaure min kai ƙwarai. Ni wasan ban dariya da na sani shi ne na Misirawa a kan dandamali, inda zauren yake cike da mutane, in an faɗi abu dubu su kwashe da dariya, kai ma ka bi su ko ba ka gane ba. Wannan kuwa baƙin allo ne da tsohuwa ɗaya. Wani dare na kasa haƙuri na fito na tsaya a bakin ƙofa.

"Kaka, su wa ke kallonsu a can?"

"Ba kowa."

"To wa suke yi wa?"

"Ni mana."

"Faɗa suke yi?"

"Da faɗa suke da tuni an raba. Ke dai je ki kwanta, mai wuya kamar mariƙin ludayi."

Ta karkatar da kai. Na koma ɗaki.

Na ci gaba da saurare daga kan gadona ba tare da na gaya wa kowa ba. Ina so in kama inda abin dariyar yake, kamar mai neman inda sauro ke shigowa. Kalmomin ina gane su ɗaya bayan ɗaya, amma kafin in haɗa su Kaka ta riga ta fashe, kafin in gama haɗawa an wuce wani zancen. Ina jin haushinta, ina jin haushin mazan, kuma ban fasa kasa kunne ba.

Ranar da na yi ɓarnar, washegari ina da jarrabawar lissafi. Na karanta shafi ɗaya sau huɗu bai zauna ba. Kaka ta fashe a karo na ban san nawa ba, har da dukan bango. Na tashi na buɗe ƙofa, kuma a wannan karon ban zaɓi shiru ba.

"Kaka, ke ba ki da iƙama. In maƙwabta suka kai ƙara saboda dariyarki, Baba ne zai shiga uku, ba ke ba. Ke jirgi kawai za a sa ki."

Iƙama ita ce takardar zama. Duk wanda ke Jidda ya san abin da ke samun mai ɓoye wanda ba shi da ita. Ban yi ƙarya ba, ko kalma ɗaya. Kaka ta dube ni, kanta a miƙe, ba karkatarwa. Ta lalubo rimot ta rage murya.

"Gaskiyarki," ta ce.

Na koma na yi karatuna, na ci jarrabawar ma.

Ba ta daina saurare ba. Sha ɗaya da rabi na yi za ta kunna, ƙasa-ƙasa, ta zauna da carbinta. Dariyar ce babu. A dare na biyu ina kwance sai na lura da wani abu da ban taɓa ji ba: tashar tana yankewa. Bakano zai yi magana, sai ɗif. Ba komai. Sai can Bazazzagi ya dawo, ya yi tasa, sai kuma ɗif. Na ce a raina, ashe shi ya sa. Wa zai yi dariya ana katse masa zance kowane minti? Na ji sanyi a raina, don in laifin dish ne to ba nawa ba ne, kuma dish ana gyara shi.

Na bubbuga risiba. Na zare waya na hura na mayar. Na kashe na kunna. Dare na uku, na huɗu, yankewar na nan. Na gaya wa Baba, ya ce hoton sauran tashoshi lafiya lau yake, in bar shi zuwa Juma'a. Juma'a saura kwana uku. Ni ban iya jiran kwana uku ba.

Bayan la'asar na ɗauki sifana daga akwatin kayan aikin Baba na hau rufin bene. Wanda bai taɓa hawa rufin gida a unguwarmu ba bai san yawan dish ɗin da ke duniya ba. Ga su nan birjik tsakanin tankunan ruwa, manya da ƙanana, duk iskar teku ta cinye su da tsatsa, duk sun fuskanci wuri ɗaya kamar sahun salla. Na tsaya ina mamaki yadda muryar wani mutum da ke zaune a ɗaki a Najeriya za ta hau sama ta sauko ta faɗo daidai cikin wannan kwanon da tattabaru suka yi wa kashi. Na bi wayarmu da hannu har na gano namu. Nufina in ɗan matsa shi kaɗan, kamar faɗin yatsa. Ƙusar ta ƙi. Na danna da hannu biyu ta ƙi. Na sa ƙafa. Sai ta saki gaba ɗaya, dish ɗin ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa.

Na ɗaga shi, na juya, na ɗaure, na sauka na duba, na sake hawa. Sau biyar. Har aka kira magariba ba tasha ko ɗaya a gidanmu, mai hoto da mara hoto.

Ina saukowa a karo na ƙarshe, hannuna duk tsatsa, na haɗu da maƙwabciyarmu 'yar Yaman a kan matakala. Ta tare ni ta ce, "Hajjar taku lafiya? Kwana nawa ban ji ta ba. Ni da ita nake sanin lokacin shan maganina ya yi." Na ce lafiya lau. Ita ce maƙwabciyar da na ce za ta kai ƙara.

Da na shiga falo na tarar da jakar Kaka a buɗe. Ta ninke zannuwanta, ta sa robar zamzam a gefe. Umma ta ja ni kicin ta gaya min a hankali: Kaka ta yi magana da wata mata a hawa na ƙasa wadda ta san hanya. Ranar Lahadi da safe za ta raka ta ta miƙa kanta a tarhil, wurin da ake tara marasa takarda a mayar da su ƙasarsu. Ta gaya wa bango cewa ba za ta zama sanadin wahalar mai gidan nan ba. Baba ya roƙi bangon har muryarsa ta shaƙe. Bango ya ce an gama magana.

Na san abin da hakan ke nufi. Wanda aka fitar ta wannan hanya, a shekarunta, ba zai sake ganin ƙasar nan ba. Ramin da ta zo nema ta haƙura da shi, kuma ni na sa.

Na wanke hannu na je na durƙusa a gabanta kamar yadda na ga Umma na yi. Na tattaro Hausar da nake da ita na ce ta yafe min, ban kyauta ba, kada ta tafi.

"Ba komai, 'yan mata. Ai ba ki faɗi ƙarya ba. Allah ya yi miki albarka."

'Yan mata. Washegari na kawo mata shayi, da gangan na tsinka shi da ruwa har ana ganin gindin kofi. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Sannu, na gode." Wata tara ina jin haushin tsinke da mariƙin ludayi, ranar nan da za ta kira ni da ɗaya daga cikinsu da na yi sadaka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba ya zo da mai gyaran dish. Dattijo ne, Bahaushen Sudan, irin waɗanda kakanninsu suka taso aikin hajji da ƙafa suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Kaka ta sauka wurin matar nan ta ƙasa. Dattijon ya hau rufi da wata 'yar na'ura mai kuka, bai yi minti goma ba ya sauko yana tambayar wane ne ya yi kokawa da dish ɗin. Baba ya nuna ni da haɓa.

"Ammu, dama can yana yankewa," na ce, ina kiran sa baffa da Larabci. "Tashar ƙarshe. Shi ya sa na taɓa."

Ya danna lambar ƙarshe. Aka yi sa'a lokacin maimaicin shirin jiya ne, don suna sake sa shi da rana. Bakano yana cikin bayanin yadda Bazazzagi ke gaishe da surukinsa. Ya kai ƙarshe. Ɗif.

"Ga shi! Ka ji ko? Ya yanke!"

Dattijon ya dubi layin sigina a ƙasan allo, a cike yake taf. Ya dube ni.

"Ɗiyata, ƙara murya. Ƙara. Kai ta ƙarshe."

Na kai ta ƙarshe. Bazazzagi ya rama da tasa har tagogi na rawa, sannan shirun ya zo. Sai dai ba shiru ba ne. Akwai fanka tana juyawa. Akwai cokali yana taɓa gilashin shayi. Kujera ta yi ƙara. Kuma can ƙasa-ƙasa wani yana fitar da iska ta hanci, irin ta mutumin da ya danne dariya da ƙyar.

"Suna nan," in ji dattijon. "Ba inda suka je. Jira suke."

"Jiran me?"

"Jiranki mana. Ba kowa a ɗakin sai su biyu. In ba su bar miki gurbi ba, dariyarki za ta danne maganar da ke tafe. Mai ba da dariya da bai iya jira ba, ai kamar mai ɗura wa jariri koko ne ba ya bari ya haɗiye."

Baba ya yi dariya, karo na farko a makon. Ya ce, "Wato kin hau bene kin karya min dish don ki gyara shiru."

Ban kula shi ba. Na zauna a ƙasa gaban talabijin har shirin ya ƙare, ina ƙirga numfashina a kowane gurbi. Ƙaramar zolaya, numfashi biyu. Babba, huɗu, wani lokaci biyar. Sau ɗaya Bakano ya fara magana da wuri, ya tsaya, ya ƙara jira, kamar ya ji wani bai gama ba. Har yau ina so in san yadda suke aunawa. Ta ina mutum zai san tsawon dariyar tsohuwar da ke wancan gefen teku, wadda bai taɓa gani ba? Amma awonsu daidai yake. Wata tara gurbin nan yana nan kowane dare ban taɓa jin sa ba, saboda Kaka tana cika shi cif, ba ragi ba ƙari.

Ina nan zaune sai kan nan da take karkatarwa ya faɗo min a rai. Tsinke, sai ta jira. Ruwan buta, sai ta jira. Ni kuma in ajiye kofi in juya mata baya.

Na sami Umma a kicin tana yanka albasa.

"Umma, mece ce gumba?"

Ta ajiye wuƙa. "Ina kika ji ta?"

Na gaya mata abin da Kaka ta ce ranar da ta iso. Umma ta rufe baki da bayan hannu, kafaɗunta na rawa. Ta ce gero ne ake jiƙawa a daka da sukari, a dunƙula, a raba sadaka idan tsoho ya rasu. Jikoki su ne kan gaba wajen wawaso. Shi ya sa tun kaka na da rai jika zai tare ta ya ce, tsohuwa, yaushe za ki mutu mu sha gumba?

"A'uzu billahi! A gabanta?"

"A tsakiyar idonta. Ita kuma ta ce sai ta ga bayanki. In ba kya yi mata haka ma sai ta ɗauka ba kya son ta."

"To me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

Umma ta sake ɗaukar wuƙar. Ta ce, "Wallahi ban san ana koyar da shi ba. Mu tashi muka yi muka gan shi." Sannan ta ce, "Ni suruka ce, ba ni da baki. Babanki ɗan fari ne. Duk gidan nan ke kaɗai ce take da ikon tsokana, ke kaɗai ce kuma mai ikon ramawa."

Daren nan na tsaya gaban madubi ina gwadawa. Yaushe za ki mutu. Harshena ya ƙi. In na faɗa a hankali sai ya fito kamar addu'ar mugunta, in na faɗa da sauri Larabci ya kutso ciki. Na sake, na sake, har na ji kamar in fasa madubin. Saura kwana ɗaya, bakina kuma ba abin dogaro ba ne. Na ce to hannu ya taya shi.

Da safe ranar Asabar na je kantin wani ɗan Yaman na sayo gero. Ban tambayi Umma yadda ake yi ba, don na san za ta hana. Na jiƙa shi rabin awa, na ga ya isa. Ba mu da turmi, na zuba a injin markaɗe. Ya ƙi juyawa, na ƙara ruwa. Ya yi ruwa, na ƙara gero busasshe. Na antaya sukari. Abin da ya fito launinsa kamar siminti, kuma da na dunƙula shi sai ya baje ya kwanta a kwano.

Kaka tana falo tana ɗaure bakin jaka da igiya. Na dire kwanon a gabanta da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. Ban durƙusa ba.

"Ke tsohuwa. Ni na gaji da jira. Kin ce mutuwa kika zo yi, wata tara kina cinye mana waken ful, ba ki mutu ba. Yanzu kuma za ki gudu ki mutu a can, wasu su shanye min gumba. La, a'a. Halas, an gama. Na yi abata tun yanzu."

Na ji ludayi ya faɗi a bakin ƙofar kicin. Umma ce. Na ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Na shiga uku, faɗa na ce ana yi, ban ce ki daka ba."

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na rufe bakina na tsaya.

Numfashi ɗaya. Biyu. Kaka tana kallon kwanon, igiya a hannunta. Uku. Na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani. Huɗu, biyar. Bakina ya cika da ban haƙuri, da bayani, da wallahi wasa nake yi, na cije su. Shida. Mazan rediyo ba su taɓa kaiwa shida ba. Ƙafata ta fara neman hanyar ɗaki. Bakwai.

Ta saki igiyar. Ta sa yatsa a kwanon ta kai baki. Daga inda nake tsaye na ji tsakuwa ta yi ƙaras a haƙorinta.

"Wa ya daka wannan?"

"Inji."

"Inji." Ta jinjina kai. "Kin surfa geron?"

"Mene ne surfe?"

Sai na ji ƙaramin kukan nan na ƙyauren da ba a sa wa mai ba.

"Wannan za a raba wa mutane ranar sadakata? A ce jikata ce ta yi? Ke, tsinken banza, wallahi sai in fito daga kabari don kunya!"

Ta karkatar da kai. Ta zuba min ido.

Ban shirya komai ba, duk abin da na haddace ya ƙare. Na buɗe baki kawai.

"Ki fara shiga tukuna, sai mu ga fitowar."

Ta ɓarke. Ta doki cinya, ta doki jakar, ta yi tari har na miƙo mata ruwa, tana sha tana cewa, "Ja'ira! Sai na ga bayanki, ja'ira!" Umma ta tsere cikin kicin, ina jin ta tana dariya a cikin mayafi. 'Yar Yaman ta buga bango sau biyu daga nata gefen.

Da Baba ya dawo da yamma, Kaka ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa mai gidan nan ya nemo turmi da taɓarya. Ba inda za ni in bar wannan abin kunya a bayana." Baba ya dubi jakar da aka kwance, ya dubi kwanon simintin, ya dube ni. Ya ce wa bango to.

Abin da na faɗa a daren jarrabawa bai daina zama gaskiya ba. Har yanzu in an buga ƙofa da ƙarfi sai mun dubi juna. Baba ya sa labule mai kauri a tagar falo, shi ke nan abin da muka iya. Sha ɗaya da rabi kuwa ni ke kunna tashar. Da farko dariyata takan makara, sai Bakano ya shiga wani zancen sannan ta iso, Kaka ta ce ko dariya sai an yi min aike. Yanzu nakan shiga gurbin tare da ita, sai dai ta fi ni daɗewa a ciki.

Turmin ya zo daga unguwar Sharafiyya a bayan motar Baba. Na koyi surfe, na koyi bakace, na koyi rege tsakuwa. Duk ƙarshen wata nakan daka in kawo mata, ta gutsura ta tauna a hankali tana kallon sama, ni kuma in tsaya ina jira. Sai ta ce saura kaɗan. Shekara huɗu ke nan saura kaɗan.